Kayan Jariri Sun Fara Zama Bashi da Bola

Wata masifa tana shigo mana gidaje ta ƙofar da ba wanda yake tsammanin sharri daga gare ta, wato ƙofar haihuwa. Yanzu ciki ba ya kai wata bakwai sai an miƙa wa maigida takardar sayayya: gadon jariri mai rumfa, keken turawa, keken koyon tafiya, baho kala-kala, fida, hoda, turaruka, katan-katan na famfas, sannan a zo kan kayan fitar suna da anko. Abin ya faro daga gidajen masu hali, ya bi ta TikTok da Instagram, yau ga shi a gidan mai adaidaita sahu da malamin firamare. Wanda bai yi ba, a ce bai fita kunya ba. Sai a ci bashi, a kwashe adashe, a sayar da akuyar da ake ji da ita, duk don jaririn da bai san ana yi ba. Wannan hanya ba za ta ɓulle da mu ba, kuma waɗanda ake cewa don su ake yi su ne suka fi cutuwa.

A fara da famfas, don shi ne ya fi yawa kuma shi aka fi rainawa. Sabon jariri yakan buƙaci canji sau takwas zuwa goma a rana. A lissafa wannan har zuwa yaye, za a ga dubbai ne daga ɗa guda. Bayan famfas leda ce, cikinsa kuma akwai wani gari mai zuƙe ruwa ya kumbura ya yi kauri. Ba ya ruɓewa kamar tsumma ko takarda. To, ina yake tafiya? A unguwanninmu da motar shara ba ta shiga, amsar a fili take: a ƙulle a baƙar leda, a ba yaro ya wurga a kwata, ko kango, ko bayan katangar makaranta.

Duk mai son ganin sakamakon, ya leƙa bakin kwalbati bayan ruwan farko na damina. Zai tarar da su sun sha ruwa sun yi suntum, sun cakuɗe da ledar fiya wata da robobin lemo, sun toshe hanya ruf. Ruwan da ya rasa mafita sai ya juyo cikin lungu, ya shiga zaure, ya jiƙa gindin katangar ƙasa har ta zube. Kuma ba ruwa zalla ba ne, ruwa ne haɗe da kashi. Akwai masu cewa kashin jariri ba ya cutarwa. Wannan kuskure ne mai kisa, don ƙwayoyin cutar gudawa suna cikinsa kamar yadda suke cikin na babba. Ƙuda ya hau, ya tashi ya sauka a kan tuwo. Kaji su tona, yara masu tsintar jari bola su dama da hannu. A 2021 kwalara ta kama mutane sama da dubu 100 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma jihohin Arewa irin su Bauchi da Kano da Jigawa ne suka fi jin jiki. Ƙasar da ta ga wannan bai kamata ta riƙa zuba najasa a magudanar ruwa da hannunta ba. Ƙonawa ma ba mafita ba ce: jiƙaƙƙen famfas ba ya ci da wuta sosai, sai dai ya yi ta turnuƙe gida da hayaƙin leda, jaririn da mai jegon su shaƙa.

Ga kuma tsada. A ƙarshen 2023 kamfanin Procter & Gamble mai yin Pampers ya sanar da daina sarrafa kaya a Nijeriya, a 2024 kuma Kimberly-Clark mai Huggies ya ce zai rufe masana'antarsa ta Ikorodu a Legas. Haɗe da faɗuwar darajar naira, farashi ya yi tashin gwauron zabo. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni takaici. Uwa ta saba da famfas, kuɗi kuma ba su isa, sai ta bar jariri da guda ɗaya tun hantsi har la'asar. A kwance shi a ga cinyoyi sun yi jawur, fata ta saɓule, yaro yana tsala ihu in ruwa ya taɓa shi. Kuɗin da aka yi tattali sai su tafi a kemis.

Nafkin na auduga dozin biyu zai raini ɗa, ya raini ƙaninsa. A zubar da kashin a masai, a jiƙa a bokiti mai murfi, a wanke da sabulu, a shanya a rana. Na san aiki ne, kuma na san ruwa ba kyauta ba ne a birni. Saboda haka maganar nan ta maza ce kafin mata: maigidan da ya ce a koma nafkin, wajibinsa ne ya kawo ruwa da sabulu, ya kuma samo mai taya wanki a kwanakin jego. Famfas a ajiye shi don tafiya, ko zuwa asibiti, ko wani dare. Iyayenmu kuma sun iya ɗora jariri a kan ƙafafu ya yi bayan gida, su saba masa da fo tun da wuri. Wannan ilimi ne, bai kamata a bari ya mutu ba.

Wanda ya fi famfas haɗari shi ne fida da madarar gwangwani. Yanzu ana jera su cikin kayan barka tun kafin a san ko uwa tana da matsalar nono, kamar dai alamar wayewa. Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF sun ce nonon uwa zalla har wata shida, ko ruwa ba a haɗawa, sannan a ci gaba da shayarwa zuwa shekara biyu, wa'adin da Musulmi ya riga ya sani daga addininsa. Amma binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin ɗari ne kawai na jariran Nijeriya 'yan ƙasa da wata shida suke samun nono zalla. Tun 1981 aka kafa ƙa'idar duniya ta taƙaita tallar madarar jarirai, saboda an ga yadda take kashe yara a inda ruwa ba shi da tsabta. Madarar tana buƙatar tafasasshen ruwa, da fida da aka tafasa, da zubar da ragowa bayan awa biyu. Gida nawa ne za su iya haka da tsakar dare, babu wuta babu gas? In gwangwani ya kusa ƙarewa sai a rage cokali a ƙara ruwa, nonon uwa kuma ya riga ya janye saboda an daina tsotsa. Daga nan sai gudawa, sai tamowa. Maraya, ko jaririn da likita ya rubuta wa madara, wannan daban ne, ba laifin kowa. Abin da nake yaƙi da shi shi ne fidar ado.

Keken koyon tafiya kuwa ba ya koya wa yaro tafiya. Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004 saboda faɗuwa da ƙuna. A tsakar gida mai murhu da rijiya, sai a yi tunani. Hoda ma likitocin yara ba sa son a bulbula ta kusa da hancin jariri.

Kada wani ya ɗauka ina cewa duk abin da aka gada daidai ne. Zubar da dakashi ɓarna ce, don shi ne kariyar farko ta jariri. Kunun kanwa mai yawa da wankan jego da ruwa mai ƙuna an danganta su da ciwon zuciyar masu jego a ƙasar Hausa. Cibiya kuma maganin chlorhexidine na asibiti take buƙata, ba toka ko man goge baki ba. A nan ne ya kamata kuɗi su tafi: awon ciki, ajiyar kuɗin haihuwa ko da za a yi aiki, abinci mai gina jiki ga mai jego, gidan sauro, da kai yaro rigakafi a kan lokaci. Abin kunya ne a ce an yi anko kala biyu, amma ranar da jini ya ɓalle aka shiga neman rance a bakin asibiti.

Mafi yawan wannan nauyi ba ma'auratan ne suka ɗora wa kansu ba, dangi ne da gori. Uwar miji da ke ƙirga kayan da aka kawo daga gidan su yarinya, gwaggon da ke buɗe akwati a gaban 'yan suna, ƙawar da ke ɗaukar hoto ta watsa, ku ji tsoron Allah, ku bari. Suna yanka ne da aski da raɗa suna da sadaka, ba baje kolin kaya ba. Mai zuwa barka ta tambayi mai jego abin da take buƙata. In sabulu ne, a kai sabulu. In gero ne, a kai gero. Rigunan da ɗanki ya sa na wata biyu suka yi masa kaɗan, ki wanke ki ninke ki kai wa ƙanwarki, ita kuma ta karɓa ba tare da jin an raina ta ba.