Daga filin tsere zuwa titunan Jimeta: Me ya sa ake rufe wa babur ƙofa?

Ma'aikacin tarayya da aka yi wa sauyin wurin aiki zuwa Yola, tun daga filin jirgin sama yake fahimtar cewa Keke Napep ce ke da titi. Daga Shataletalen Mubi zuwa tashar Jambutu, daga babbar kasuwar Jimeta zuwa ƙofar fadar Lamiɗo, da wuya ya ɗaga hannu ɗan acaɓa ya tsaya masa.

Asalin lamarin yana komawa ne zamanin mulkin Gwamna Murtala Nyako, lokacin da hare-haren 'yan bindiga suka tsananta a Adamawa, har ta kai ga Shugaba Goodluck Jonathan ya ƙaƙaba dokar ta-ɓaci a jihar tare da Borno da Yobe a watan Mayun 2013. Maharan sukan zo a kan babur, su buɗe wuta, su sulale ta lungun da motar jami'an tsaro ba ta iya bi. Gwamnati ta haramta acaɓa a babban birnin jihar. Kano ma ta ɗauki irin wannan mataki a Janairun 2013, kwanaki kaɗan bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero. Abuja kuwa ta riga su tun 2006, lokacin da Nasir El-Rufa'i yake ministan birnin, bisa dalilan haɗurra da tsarin gari.

Korar babur daga wurin da wasu ababen hawa ke yawo ba a Najeriya kaɗai ake yi ba. A Turai da Amurka akwai filayen tseren ƙananan motocin nan da ake kira kart waɗanda ba sa yarda masu baburan tsere, musamman samfurin supermoto, su shiga, duk da cewa kuɗi za su biya. Direban kart yana zaune ne dab da ƙasa, ƙarafa na kewaye da shi, shi ya sa gajeren shingen tayoyi ke isa ya tare shi. Mai babur idan ya faɗi, jikinsa ne ke jan ƙasa, babur ɗin kuma yana iya tsallake shingen ya faɗa kan 'yan kallo. Matakin ƙafar babur yana kartar kwalta a kwana, gyaran kwaltar kuma yana cin kuɗi. Ga kamfanin inshora da ya yi yarjejeniya kan kart kaɗai. Hatta hukumomin da ke ba da lasisi daban suke: FIA ke kula da tseren kart, FIM ke kula da na babura.

Da mai filin tsere da gwamnan jiha, tambaya guda ce ke gabansu: idan ɓarna ta auku, wa zai ɗauki alhaki? Wanda ya ga ba shi da halin tsara zirga-zirgar babur, sai ya zaɓi hanya mafi sauƙi, ya rufe ƙofa.

Sai dai ɗan tseren da aka hana shiga wani fili nishaɗin yini guda ya rasa. Matashin Doubeli da aka raba da acaɓa abincin gidansa ya rasa, kuma Keke Napep ta ninka babur tsada. Laifin ma bai gushe ba. 'Yan Shila, matasan da suka addabi Jimeta da ƙwacen waya, da keken suka riƙa tafka ta'asarsu, har gwamnatin Ahmadu Umaru Fintiri ta taƙaita zirga-zirgarta da dare. Cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ƙara wa fasinja nauyin kuɗin keke.

A Yulin 2022, Ministan Shari'a Abubakar Malami ya bayyana cewa gwamnatin tarayya na duba yiwuwar hana babura a faɗin ƙasa. Idan batun ya sake tasowa, ya kamata hadiman da za su rubuta wa iyayen gidansu shawara su dubi Yola. Filayen tseren da suka karɓi babura sai da suka sake fasalin shinge, suka ware musu ranaku, suka sabunta inshora. Kwatankwacin haka a gari shi ne rajistar direbobi, da lamba a jikin riga, da iyakance hanyoyi da lokaci. Aiki ne mai cin rai fiye da sanarwar haramci a rediyo, amma da shi ne ake gane mai neman halaliyarsa daga mai ɗauke da makami.