Mai son zama fada bayan gemu ya fito: me ke jiransa?

Tsarnawa mararraba ce. A nan hanyar da ta taso daga Yamai zuwa Maradi da Damagaram take rabuwa da wadda ta nufi Tawa, Agadas da Arlit. Daga yamma ga Birnin Ƙonni da kan iyakar Najeriya, daga gabas ga Malbaza da masana'antar siminti, ga Galmi da albasarta da asibitin mishan da aka kafa tun 1950, daga arewa kuma ga ƙasar Ilela. Wurin da hanyoyi suka gamu ba ya rasa baƙi: direbobi, dillalan albasa, ma'aikatan duwan, malaman makaranta da ma'aikatan lafiya da gwamnati ta turo. A cikin waɗannan ne ake samun mafi yawan ƴan Katolikan wannan yanki, da dama asalinsu Benin, Togo, Burkina Faso ko Najeriya, kuma mishan ɗin Birnin Ƙonni ke kula da su, ƙarƙashin bishop na Maradi.

To, in ɗaya daga cikinsu, mai shekara 35 ko 40, wanda ya riga ya kama sana'a ko ya yi nisa a aikin gwamnati, ya ji a ransa cewa Allah na kiransa ya zama limamin Katolika, wato fada, wanda a nan aka fi sani da «mon père», me ke jiransa? Tambayar ta shafi har wanda ba Kirista ba, domin mutumin yana iya zama abokin cinikinka, maƙwabcinka, ko wanda kuke ofishi ɗaya. Amsar a taƙaice ita ce: Ikilisiya ba ta rufe ƙofa saboda tsufa, amma ba ta buɗe ta sai mutum ya rufe lissafinsa da duniya tukuna.

Ƙasa mai faɗi, limamai kaɗan

Kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na jama'ar Nijar ba. Mishan ɗin Katolika na farko an kafa shi a Yamai a 1931, kuma sai a 1961 aka naɗa bishop na farko, Hippolyte Berlier, Bafaranshe. A 2001 aka raba ƙasar gida biyu, aka ba Maradi nata bishop, Ambroise Ouédraogo ɗan Burkina Faso, wanda yankinsa ya haɗa jihohin Maradi, Tawa, Damagaram, Agadas da Difa. Ɗan ƙasa na farko da ya zama bishop shi ne Laurent Lompo, Bagurme daga yankin Makalondi, a 2013. A ƙetaren iyaka kuwa, sai a 2023 aka sami Bahaushe na farko a wannan matsayi, Gerald Mamman Musa, bishop na Katsina.

Wanda ya dubi wannan faɗin ƙasa da ƙarancin limamai zai ɗauka duk wanda ya kawo kansa za a karɓe shi hannu bibbiyu. Ba haka abin yake ba. A wurin da fada yake zaune shi da abokin aiki ɗaya ko biyu, tsakiyar al'ummar Musulmi da ke lura da halinsa dare da rana, mutum ɗaya marar natsuwa ya isa ya ɓata amanar da aka yi shekaru ana ginawa. Shi ya sa tankaɗe da rairaya suka fi tsanani ga wanda ya zo da furfura.

Abin da doka ta gindaya

Kundin dokokin Ikilisiyar Katolika na 1983 ya sa shekara 25 a matsayin mafi ƙanƙantar shekarun naɗa fada, bai kuwa sa iyaka daga sama ba. Kowane bishop shi ke duba ko lafiyar mutum da ƙarfinsa za su kai. Amma akwai abubuwan da ke tsayar da mai nema, kuma uku daga ciki sun fi shafar irin masu karatunmu.

Na farko aure. Limamin masallaci yana da iyali, yana noma, yana ciniki. Fada na Katolikan Roma kuwa ba ya aure har mutuwa. Mai mata ba a naɗa shi. Wanda matarsa ta rasu yana iya nema, amma bishop zai fara tambayar wa ke riƙe da ƴaƴan, da me za su ci, da me za su yi karatu. Mai aure da ke son yi wa Ikilisiya hidima akwai masa wani matsayi, na dikon na dindindin, wanda ake iya ba mai shekara 35 in matarsa ta yarda, a inda bishop-bishop na ƙasa suka buɗe wannan hanya.

Na biyu amana. Wanda ke riƙe da muƙami ko dukiyar jama'a wadda dole ya ba da lissafinta, ba a naɗa shi sai ya sauka ya kuma miƙa lissafin. Doka ta hana fada riƙe muƙamin mulki, ta hana shi kasuwanci, ko da kansa ko ta hannun wani, sai da izini na musamman. Ke nan ɗan kasuwar da ke tunanin barin shago a hannun yaronsa yana karɓar riba a ɓoye, bai fahimci abin da ake nema gare shi ba. Haka mai bashi: an ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma makarantar limamai ba mafakar wanda masu bin bashi suka koro ba ce.

Na uku sabon shiga addini. Wanda bai daɗe da yin baftisma ba ana sa shi ya dakata, har bishop ya ga ya zauna da gindinsa, don zafin sabon shiga daban yake da kira mai ɗorewa. Doka ta kuma haramta a tilasta wa mutum, ta haramta a kange wanda ya cancanta.

Komawa benci

Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, suna kuma cewa gemu ba ya hana neman ilimi. Mai shigowa a makare yana tsakanin waɗannan maganganu biyu. Doka ta ce a yi aƙalla shekara 6 na karatu: 2 na falsafa, 4 na ilimin tauhidi. Tun 2016 fadar Paparoma ta wajabta shekarar share fage kafin a fara. In aka haɗa da shekarar gwaji a wani mishan, da aƙalla wata 6 na zaman dikon kafin naɗi, tafiyar takan kai shekara 8 ko 9. Wanda ya fara yana da 40 zai gama yana dab da 50, ya rage masa kamar shekara 25 kafin ya kai 75, shekarun da ake neman fada mai riƙe da mishan ya miƙa takardar sauka.

Nijar da Burkina Faso majalisar bishop ɗaya gare su, don haka ɗaliban Nijar can suke zuwa: Kossoghin da Wayalghin a Wagadugu, ko Koumi kusa da Bobo Julaso, makarantar da ke aiki tun 1935. A Turai da Amurka akwai makarantu na musamman don manya, kamar kwalejin Beda a birnin Roma da wadda aka buɗe a jihar Masacusets a 1964. Namu kuwa zai zauna aji ɗaya da samarin da ba su daɗe da cin jarrabawar bakaloriya ba, waɗanda wasunsu sa'o'in ƴaƴansa ne. Mutumin da ya saba sa hannu a takarda a yi masa biyayya, yanzu ƙararrawa ke ta da shi, sai ya nemi izini kafin ya fita gari. Wannan ya fi karatun wuya. Ignas na Loyola, tsohon soja da ya kafa ƙungiyar Jezuwit, ya sha irin wannan: yana da shekara 33 ya zauna da yara a Barsalona yana koyon Latin, bai zama fada ba sai 1537, yana da wajen 46.

Darasin Tamanrasat

Misalin da ya fi kusa da mu yana arewa da Agadas. Charles de Foucauld, an haife shi a 1858 a gidan masu hali na Faransa, ya yi aikin hafsan soja, ya watsar da dukiyar gado wajen sharholiya, ya bar addini. A 1883 da 1884 ya zaga Maroko a ɓad da kama, kuma ganin yadda Musulmi ke tsayawa ga salla ya girgiza shi, ya sa ya koma neman Allah. A 1886 ya tuba a hannun wani fada a Paris mai suna Huvelin. Nan take ya so ya bar duniya, amma malamin nasa ya sa shi jira shekara 3.

A 1890 ya shiga gidan masu ibada na Tirafis, ya bar wa ƙanwarsa abin da ya mallaka, ya ajiye muƙaminsa na soja. Bayan shekara 7 ya fita, ya koma Nazarat yana aikin bara a gidan wasu mata masu ibada. Ya daɗe yana ƙin zama fada, yana ganin girman ya fi ƙarfinsa. Sai ranar 9 ga Yuni 1901 aka naɗa shi, yana da shekara 42, wato shekara 15 bayan tubarsa. Ya zauna Beni Abbas, sannan daga 1905 ya koma Tamanrasat cikin Abzinawan Ahaggar, inda ya kwashe shekaru yana haɗa ƙamus na Tamashek da Faransanci wanda masana ke amfani da shi har yau. An kashe shi ranar 1 ga Disamba 1916, watan da Kawusan ya kewaye Agadas. Kusancinsa da hafsoshin mulkin mallaka abu ne da masana tarihi ke ta muhawara a kai. Ya mutu ba shi da almajiri ko ɗaya a tare da shi. Bayansa ne aka kafa ƙungiyoyin da ke bin tafarkinsa, har wasu suka zo Nijar. A 2022 Paparoma Faransis ya sa shi cikin waliyyan Ikilisiya. Abin lura a labarinsa shi ne tsawon jira, da kuma cewa bai yanke wa kansa hukunci shi kaɗai ba.

Nauyin gida

A ƙasarmu albashi ɗaya yakan ciyar da baki goma. Ma'aikacin da bai yi aure ba ma yana da tsohuwa a ƙauye, da ƙanne a makaranta, da ƴar uwa da mijinta ya rasu. Fada ba shi da albashin da zai ɗauki wannan kaya. Abin da yake samu na ci da sutura da magani ne. Ga kuma bakin mutane, domin a al'adarmu, Musulmi da Kirista, namijin da ya girma ba aure tuzuru ne, kuma uwa tana son ta ga jika. Wanda bai zauna da danginsa an yi wannan magana ido da ido ba, zai tafi Wagadugu da jiki, zuciyarsa tana gida.

Akwai kuma haɗari. A Janairun 2015 an ƙona majami'u da dama a Damagaram da Yamai. A Satumban 2018 aka sace Fada Pier Luigi Maccalli a Bomoanga, ba a sako shi ba sai Oktoban 2020 a Mali. A farkon 2020 aka kashe Michael Nnadi, ɗalibi ɗan shekara 18 na yankin bishop ɗin Sakkwato, bayan an sace shi daga makarantar limamai ta Kaduna. Mai neman wannan aiki don hutu ko tsaro ya yi ɓatan kai.

Yadda ake gwadawa

Hanyar da aka sani ita ce mutum ya fara da fadan mishan ɗinsa, a haɗa shi da mai ba da shawara na ruhu wanda za su riƙa ganawa tsawon shekara ɗaya ko biyu, yana ci gaba da aikinsa. Ana duba ko yana addu'a ba tare da an sa shi ba, ko yana iya zama da mutane, ko jama'ar mishan suna shaidarsa. Ana neman takardar likita da shaidar karatu. Ana kuma tono dalili: shin baƙin cikin mutuwar mata ne, ko karayar jari, ko ɓacin rai da shugaban ofishi? Irin waɗannan sukan wuce, kira na gaskiya kuwa yakan dawo ko an kore shi. Ma'aikacin gwamnati ya kyautu ya bincika damar ajiye aiki na ɗan lokaci ba albashi, da matsayin fanshonsa, kafin ya rubuta takardar murabus, domin ba duk wanda ya shiga makarantar ke kaiwa naɗi ba, kuma fita ba abin kunya ba ne.

A ƙarshe magana ta bishop ce. A koyarwar Katolika, jin kira a zuci bai ba kowa haƙƙin naɗi ba, sai Ikilisiya ta tabbatar. Abin da babba yake kawowa kuwa ba ƙarami ba ne: ya san darajar jika guda, ya san zafin rashi, ya yi shekaru yana ciniki da gaisawa da maƙwabtansa Musulmi a cikin harshensu. A wuri irin Tsarnawa da Ƙonni, wannan ilimi ne da ba a koyar da shi a Koumi. Sai dai kafin ya amfanar da wani da shi, dole ya biya na mutane, ya sallami na gida da daɗin rai, ya yarda a ce masa ya jira.