Rumbun Kwamfuta

Jama'a, kowane manomi a ƙasar Gumel ya san amfanin rumbu. To, kwamfuta ma tana bukatar nata. Takardu da hotuna da lissafin da ke cikinta suna iya ɓacewa rana ɗaya. Saboda haka akan kwafe su a wani faifan ajiya dabam.

Waɗansu sukan jona faifan a jikin rauta, watau ɗan akwatin nan mai raba intanet a gida ko a shago. Da haka kwamfuta za ta riƙa aika masa kaya ta iska. Dabara ce mai sauƙi, amma tana da aibi huɗu.

Na fari, jinkiri. Rauta ba ta da ƙarfin kwamfuta. In tana kai megabait 10 a sakan ɗaya, gigabait 100 sai ya ci kusan awa 3.

Na biyu, rashin jituwa. Faifan da aka tsara da FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya kai gigabait 4. Kuma ba kowace rauta ke aiki da Time Machine ba, manhajar ajiya ta kwamfutocin Apple. Shi kamfanin ma ya daina yin rautarsa mai faifai a 2018.

Na uku, wutar lantarki. In aka ɗauke ta ana cikin kwafa, ajiyar tana iya lalacewa, mai ita bai sani ba sai ranar bukata.

Na huɗu shi ya fi muni. Faifan da kwamfutar suna ɗaki ɗaya, kullum a haɗe. Ɓarawo ko gobara na iya cin su tare. Muguwar manhaja mai kulle fayil, in ta shiga kwamfuta, tana iya isa faifan.

To, ina dabara? A ce kai ɗan kasuwa ne, kana rubuta cinikin shanunka na kasuwar Maigatari kowace Alhamis. Ka sami faifai na biyu. Ran Juma'a ka jona shi a jikin kwamfutar da waya, ka kwafe, ka cire, ka kai gidan ɗan'uwanka. Kowane wata ka buɗe ajiyar ka ga ko tana nan lafiya. Don tuwon gobe ake wanke tukunya.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin rauta?
2. Me ya sa ake kai faifai na biyu wani gida?