Me Ya Haɗa Ciwon Ƙafa Da Huhu?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu daga Funtuwa ya aiko da takarda yana cewa, yayansa ya taka ƙusa a gona, ƙafar ta kumbura ta yi mugunya, zazzaɓi ya rufe shi. Bayan kwana biyu a asibiti sai numfashi ya gagara, likita ya ce cuta ce ta shiga jini ta taɓa huhu. Allah ya sa da sauran shan ruwa, ya tashi. Shi ne yake tambaya, me ya haɗa ƙafa da huhu, kuma akwai yadda za a hana haka faruwa?

AMSA: To Malam, barka da arziki, Allah ya ƙara masa lafiya. Abin da ya sami yayan naka shi ne likitoci ke kira sefsis. Wato ƙwayoyin cuta su kama wani wuri, ko miki, ko mafitsara, ko hanji, ko mahaifar mai jego, ko cibiyar jariri, ko huhun kansa, sai garkuwar jiki ta tashi yaƙi da su, yaƙin ya wuce gona da iri, har ya koma yana ɓarna a jikin da ya zo karewa. Ba ƙaramin abu ba ne. An ƙiyasta cewa a 2017 mutane kusan miliyan 49 suka kamu a duniya, miliyan 11 suka rasu.

To me ya sa huhu? Ka san duk jinin da ke jikinka sai ya bi ta huhu ya ɗauki iskar oksijin. A cikin huhu akwai 'yan jakunkunan iska fiye da miliyan 300, kuma abin da ya raba su da jini wani ɗan fatar ne da bai kai kaurin ɓawon albasa ba. Idan gubar wannan yaƙi ta biyo jini, sai fatar ta fara yoyo, ruwa ya cika jakunkunan, huhu ya zama kamar soso jiƙaƙƙe. Majinyaci yana jan iska amma ba ta isa jini. A 1967 ne wasu likitoci a birnin Denba na Amurka suka fara bayyana wannan lalura, bayan sun lura da ita a jikin majinyata 12.

Maganar kariya kuwa, tun daga gida take farawa, domin da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Idan mai zazzaɓi ko mai miki ya fara haki, ko ruɗewa da sambatu, ko fitsarinsa ya ragu ƙwarai, ko hannuwansa suka yi sanyi, kada ka tsaya gwada maganin kemis, asibiti za ka nufa a lokacin, ko da tsakar dare ne. Kana iya ƙirga numfashinsa da agogo. Babban mutum in ya kai sau 22 a minti ɗaya, akwai abin dubawa. Yaro daga wata 2 zuwa shekara ɗaya, sau 50. Daga shekara ɗaya zuwa 5, sau 40.

Sannan ga wani abu da muke yi don tausayi, alhali cutarwa ce. Majinyacin da ba ya cikin hayyacinsa, kada a yi masa ɗura, ko kunu ne, ko ruwa, ko magani. Yana iya ƙwarewa, abin ya sauka huhu, a tara masa ciwo biyu. A kwantar da shi ta gefe, in zai yi amai ya fito waje.

A asibiti, abu na farko shi ne allurar kashe ƙwayoyin cuta. Ga wanda jininsa ya yi ƙasa, ana son a ba shi cikin awa ɗaya. Na biyu, a toshe mafarin cutar: in ƙurji ne a fasa, in miki ne a wanke a cire ruɓaɓɓen nama. Na uku, a maƙala masa 'yar na'urar nan ta yatsa mai auna oksijin; in ya yi ƙasa da kashi 90 cikin 100, a sa masa iska.

Sai ƙarin ruwa. Mu dai a wurinmu, in ba a rataya leda ba kamar ba a yi magani ba. Gaskiya ne mai sefsis yakan bukaci ruwa da farko, amma da awo, domin huhu mai yoyo, rarar ruwa cikinsa take taruwa. A 2011 an fitar da sakamakon wani bincike kan yara fiye da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani a Uganda da Kenya da Tanzaniya, inda aka ga waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri sun fi mutuwa. Saboda haka in likita ya rage gudun ruwa, kada ka ce rowa ce. Mai gudawa da amai kuwa, wanda ruwan jikinsa ya ƙare, hukuncinsa daban ne.

Haka ma na'urar taimakon numfashi. A shekarar 2000, wani bincike a Amurka kan majinyata 861 ya nuna cewa rage iskar da ake hura wa huhu zuwa rabi ya saukar da mace-mace daga kusan kashi 40 zuwa 31 cikin 100. A 2013 kuma likitocin Faransa suka nuna cewa kwantar da masu tsananin ciwon rubda ciki, awa 16 a yini, yana ceton rai ƙwarai.

Amma ka san irin waɗannan na'urori ba kowane asibiti ke da su ba a ƙasashenmu. Don haka abin da ke hannunka shi ne babba: a wanke miki da ruwa da sabulu tun ranar farko a kai a duba, a kai yara rigakafin ƙyanda da na ciwon huhu, mai jego in ta yi zazzaɓi kada a ce na jego ne kawai.

Da fatan Malam ya gamsu. A gaida mutanen Funtuwa.