Yadda tsohuwar filasha ke iya ƙona sabuwar kyamara

Masu ɗaukar hoto a garuruwan Anka da Gummi da Bukkuyum sun daɗe suna dogara da filasha mai batir, domin bikin aure ko walima kan kai dare, wutar lantarki kuma ba abin dogaro ba ce. Da yawansu sun bar kyamarar fim sun koma ta dijital, amma ba su rabu da tsohuwar filashar da suka gada daga iyayen gidansu ko suka saya a gwanjo ba. Tana shiga mazauninta a saman sabuwar kyamarar daidai wa daida, tana kuma haskawa, sai mai ita ya ɗauka babu matsala.

Matsalar tana cikin ɗan ƙarfen da ke tsakiyar ƙafar filashar. Ta nan kyamara ke ba ta umarnin haskawa, kuma a kansa akwai wutar da ke jiran a haɗa ta. A tsofaffin kyamarori ƙarafa biyu ne ke haɗuwa, don haka ko wutar ta kai bolt 200 ba abin da zai same su. Kyamarar dijital kuwa da ƙananan kayan lantarki take yin wannan aiki, kuma juriyarsu tana da iyaka. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 10330 ta tsayar da bolt 24. Kamfanin Nikon yana gargaɗi a littattafan kyamarorinsa da kada a wuce bolt 250, yayin da aka san wasu kyamarorin Canon na farkon zamanin dijital da iyakar bolt 6 kacal.

Babban misali shi ne Vivitar 283, wadda ta fito a shekarun 1970 ta kuma bazu a duniya. Na farkon da aka ƙera a Japan kan fitar da fiye da bolt 200, amma na baya-bayan nan, masu suna da kama iri ɗaya, ba su cika wuce goma sha ba. Ke nan sunan filasha kaɗai ba ya isa shaida. Haka nan cewar mai sayarwa "ai na gwada, ta yi" ba hujja ba ce, domin lahanin kan taru a hankali, sai ranar da ake tsakiyar ɗaukar amarya kyamara ta daina kiran filasha. Gyaranta kuwa sai an dangana da Gusau ko Sakkwato, wani lokaci har Kano, in ma an samu kayan.

Gwajin bai fi minti biyu ba, kuma mitar da masu gyaran waya da rediyo ke amfani da ita ta wadatar. A sa sababbin batira, a kunna filashar ba tare da an ɗora ta a kyamara ba, a jira fitilarta ta nuna ta shirya. Sai a juya mitar zuwa DC, a ɗora jan tsinke a kan ƙarfen tsakiya, baƙin kuma a kan ƙarfen gefen ƙafar. Abin da ya yi ƙasa da bolt 6 babu fargaba a kansa; abin da ya haura haka sai a duba littafin kyamarar tukuna. Mita mai arha takan nuna ƙasa da ainihin wutar, don haka a bar rata.

Idan wutar ta yi yawa ba sai an jefar da filashar ba. Akwai ƙaramar na'ura irin Wein Safe-Sync da ake sawa tsakaninta da kyamara ta rage wutar, ko a kafa filashar a gefe a riƙa kunna ta da na'urar rediyo, bayan an tabbatar ita ma za ta jure. Abu guda da bai kamata a yi ba shi ne buɗe cikinta da sukundireba: kafasitar da ke ciki tana riƙe wutar da ta kai bolt 300 ko bayan an cire batir.