RB19: Motar da ta ci tsere 21 cikin 22

A shekarar 2023 an yi tseren Formula 1 sau 22, kuma motar Red Bull mai suna RB19 ta lashe 21. Masu Canal+ a Adjamé da Treichville sun kalli abin har ya fara gundurar wasu, don kafin a tashi an san mai zuwa na ɗaya. Ni kuwa da nake koyar da lissafi da kimiyya, motar ba ta gundure ni ba ko kaɗan.

Mu a Kodebuwa rali muka sani. Ralin Bandama ya kasance cikin gasar duniya daga 1978 zuwa 1992, kuma a 1972 ko mota ɗaya ba ta kai ƙarshe ba. Can ƙarfin jiki ake buƙata, na jure laka da ramuka. Motar Formula 1 kuwa mutum ɗaya take ɗauka, a 2023 nauyinta da direba bai gaza kilo 798 ba, injinta lita 1.6 ne haɗe da lantarki, tana cin kusan kilomita 305 a tsere guda, fiye da tazarar Abidjan da Yamoussoukro. Amma ka ɗora ta kan titin gbaka a Adjamé, ramin farko zai gama da ita.

Sirrin RB19 yana ƙarƙashinta. Daga 2022 zuwa 2025 doka ta ba da damar a fafe cikin motar kamar kwalbati biyu. Iska ta shiga ta gaba, hanya ta matse, sai ta ƙara sauri, matsinta ya ragu, motar ta manne da kwalta. Ina nuna wa ɗalibaina wannan da takardu biyu: a riƙe su kusa da juna, a hura iska tsakaninsu, sai su haɗe maimakon su rabu. To abin da ke danne motar ke nan a kwana, har ta sha kwanar da gudun da zai kifar da wôrô-wôrô sau goma.

Matsalar ita ce tsotson yana canzawa da tsayin mota daga ƙasa. Ta yi ƙasa da yawa, iska ta katse, ta ɗago, ta sake tsotsuwa, sai ta riƙa tsalle. Mercedes ta sha wannan wahala a 2022, har aka ga Lewis Hamilton yana fitowa daga mota a Baku yana dafe da baya. Adrian Newey, babban mai zana motocin Red Bull a lokacin, da Bafaranshe Pierre Waché da sauran injiniyoyinsu a Milton Keynes ta Ingila, sun mai da hankali kan ƙafafun motar, yadda ko an taka birki gabanta ba ya dunƙurawa sosai. Motar da ba ta sunkuyawa, iskar ƙarƙashinta ba ta rikicewa, tayoyinta ma suna daɗewa. Duk makanikin da ya taɓa canza wa taksi amotisa ya san rabin wannan magana. Sauran rabin lissafi ne, kuma shi nake nanata wa yaran da ke ɗokin barin aji su tafi gareji.

Abin dariya, a Monako Sergio Pérez ya buga bango, aka ɗaga motarsa sama da ƙugiya, masu hoto suka ɗauki cikin nata tas. Abokan hamayya sun gani, amma gani ba ci ba ne. Ga shi kuma a Oktoba 2022 an ci Red Bull tarar dala miliyan 7 saboda ta zarce kuɗin da aka ƙayyade wa kowace ƙungiya a 2021, aka rage mata kashi 10 cikin 100 na lokacin gwajin iska. Wasu sun ce horon zai rage mata gudu. Ina!

Ranar 5 ga Maris a Bahrain, Max Verstappen na ɗaya, Pérez na biyu. Pérez ya ci Jidda da Baku, daga nan Verstappen ya jera goma, daga Miami zuwa Monza, abin da ba wanda ya taɓa yi. A Miami daga na tara ya tashi. Wuri ɗaya kawai motar ta ƙi: Singapo, ranar 17 ga Satumba. Titin cikin gari ne mai gargada, dole aka ɗaga ta sama, daidaiton ya ɓace. Verstappen ya ƙare na biyar, Carlos Sainz na Ferrari ya ci. Mako ɗaya bayan haka a Japan, Red Bull ta kammala lashe kofin ƙungiyoyi. Tarihin McLaren na 1988, wato 15 cikin 16, ya faɗi.

Gardamar da ake tafkawa a wurin masu garba da masu shayi ita ce: mota ce ko direba? Masu cewa ko wa aka ba motar zai ci, ban yarda da su ba. Pérez mota iri ɗaya ya tuƙa, ya tara maki 285. Verstappen ya ci tsere 19, maki 575, ya fi na direbobin Mercedes biyu a haɗe, 409. Amma su ma masu cewa direba ne kawai, sai su dubi 2024: Verstappen ɗin dai, sabuwar mota RB20, tsere 9 ya ci. Ya riƙe kofinsa, amma na ƙungiyoyi ya tafi McLaren, Red Bull ta ƙare ta uku. A shekarar ne kuma Newey ya sanar da barin Red Bull, Aston Martin ta ɗauke shi.