Yadda Ɗan Kasuwa Zai Gwada Katangar Tsaron Intanet Ɗinsa Daga Waje

JOS — Masu shaguna da dama a Taminus, da titin Ahmadu Bello, da Bukuru sun kafa kyamarorin tsaro waɗanda suke dubawa ta wayar salula, ko suna gida ko suna kan hanyar Kano saro kaya. Sai dai ƙofar da maigida yake leƙa shagonsa ta cikinta, ita ce kuma wani baƙo zai iya bi idan an bar ta a sake.

Kowace na'ura da ke kan intanet tana da mashigai 65,536, kowace da lambarta. Aikin katangar tsaro da ke cikin akwatin rarraba intanet na gida ko na ofis shi ne toshe duk mashigar da ba a nemi a buɗe ba. Mutum ba ya iya tabbatar da ingancinta daga cikin ɗaki, domin ta ɗauke shi ɗan gida. Tilas sai an ƙwanƙwasa daga waje.

Wannan shi ne aikin shafuffuka irin su ShieldsUP, wanda Steve Gibson na Amurka ya buɗe a 1999, kuma kyauta ne. Shafin yakan ƙwanƙwasa mashigai 1,056 na farko, sa'an nan ya ba da amsa da launi. Ja na nufin mashigar a buɗe take. Shuɗi, a rufe take amma ta amsa sallama. Kore kuwa, shiru kamar babu kowa a gidan, kuma shi ake so.

Lambobin da suka fi cancantar a sa musu ido su ne 23, da 445, da 3389. Ta 23 ce mugun shirin Mirai ya bi a 2016 ya mamaye dubban kyamarori da ba a sauya musu kalmar sirrin da suka zo da ita daga masana'anta ba. Ta 445 kuma WannaCry ya bi a watan Mayu na 2017, ya kulle kwamfutoci a ƙasashe fiye da 150, har da na asibitocin Ingila, yana neman fansa. Ita 3389 ba ta cikin jerin farko, sai an rubuta lambarta an gwada ta dabam.

To, amma akwai wani hanzari. Yawancin masu amfani da layukan salula suna tarayya ne da ɗimbin jama'a a adireshin intanet guda. A irin wannan hali, ƙofar kamfanin sadarwa aka ƙwanƙwasa, ba ta mai shago ba. Ana gane haka idan adireshin da akwatin ya nuna ya saɓa da wanda shafin ya nuna. Bugu da ƙari, kyamarori da yawa su da kansu suke fita su haɗu da rumbun kamfanin da ya ƙera su, kuma wannan gwaji ba ya ganin hakan. A ganinmu, wanda ya ga kore ya miƙe ƙafa alhali kalmar sirrinsa 12345 ce, bai tsira da komai ba.

Dokar yaƙi da laifuffukan intanet ta Nijeriya ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta kutsawa cikin kwamfutar wani ba da izini ba, saboda haka kowa ya tsaya ga layinsa. Gwajin bai wuce 'yan mintoci ba, kuma ya kamata a maimaita shi duk lokacin da ma'aikaci ya zo ya haɗa sabuwar kyamara, domin sau da yawa a ranar ce ake buɗe mashiga don sauƙin aiki, a tafi a bar ta.